Tayar Kamfani ko Babbar Taya: Wacce ta Fi Jan Kaya a Akori-kura?

Babbar taya tana ɗaga mota, ta ratsa yashi da laka ba gardama. Amma in jan tirela ne aikinka, ni dai tayar kamfani, wato wadda motar ta zo da ita, na fi yarda da ita.

Ga dalili. A ce giyar aksul ɗinka, wadda ke juya tayoyi, 3.55 ce, wato shaf, ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ya juya sau 3.55 kafin taya ta zaga sau ɗaya. Ka cire taya mai tsayin inci 31 ka sa mai 35, sai motar ta koma tamkar mai giyar aksul 3.14. Injin bai canza ba, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 11 cikin 100. A hawan tudu za ka ji: giyabos na ta sauka yana hawa, mansa na zafi, birki kuma na wahala a gangara. Maleji ma zai nuna 100 alhali kana gudun kusan 113, abin tsoro da kaya a baya.

Wanda ya dage sai babba, to ya sauya giyar aksul ɗin zuwa 4.10 don ya dawo da ƙarfin da ya ragu. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya duka za a sauya.