Otal huɗu a tsibiri uku: yadda yawon amarcinmu na Seshel ya kasance

Mun kusa wata biyu da dawowa, amma har yau in amarya na son tsokanata sai ta ce, "Yallaɓai, a ɗan nuna mana hoton otal ɗin nan na Praslin mana." Ta san inda ke mini ƙaiƙayi. Ni na zaɓe shi, ni na yi ta cika baki a kansa tun kafin biki, kuma cikin wurare huɗu da muka kwana shi ne ya watsa mini ƙasa a ido.

Kwana 11 muka yi a Seshel cikin watan Yuli. Ƙasa ce mai tsibirai 115 a Tekun Indiya, sai dai yawancin baƙi guda uku suke zagawa, mu ma su muka bi: Mahe, inda babban birni Biktoriya da babban filin jirgin sama suke, sai Praslin (mutanen can "Pralen" za ka ji suna cewa), sai ƙaraminsu, La Digue. Takardar izinin shiga da ake cikewa ta intanet tana neman shaidar masauki, don haka babu zancen "in mun isa ma nema." Daga nesa za ka yi zaɓenka, da hotuna da bakin waɗanda suka riga ka zuwa. To a nan gizo ke saƙar.

Kwana biyun farko a Beau Vallon muka yi su, a arewa maso yammacin Mahe, a wani babban otal wanda shi ya fi cin kuɗi a jerinmu. Ba ni da abin cewa a kansa na aibi. Sun nemi takardar aure kafin su ba mu rangwamen ango da amarya, saboda haka kada a bar ta a gida. Mun tarar an watsa furanni a kan gado, an naɗe tawul biyu kamar agwagi suna haɗa baki, teku kuma kwance lumui a gabanmu. Matsalar tamu ce. Gajiyar biki da ta jirgi suka taru suka danne mu, muka yi ta barci kamar an yi mana duka. Wurin ninƙaya sau ɗaya muka leƙa shi. Ɗaki mafi tsada, barci kawai muka saya a cikinsa, abin da ɗaki mai rabin kuɗinsa zai ba mu.

Daga Mahe zuwa Praslin jirgin ruwa mai gudu yana yin kamar awa ɗaya. A takarda abin ba komai ba ne. A watan Yuli kuwa, tun kafin mu bar tasha na ga ma'aikata na raba ledoji, na ɗauka na shara ne. Minti ashirin da tashi na gane amfaninsu. Amarya ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya bar mini shaida, ni kuma ina ta ƙoƙarin nuna jarumta alhali cikina na juyawa. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke yin wannan hanya cikin kamar minti 20, kuma da na san haka teku take a wannan wata, da shi muka hau.

Sai otal ɗin da ake mini gori a kansa. A gaɓar Grand Anse yake, ɓangaren kudu maso yammacin Praslin. A hoto, yashi fari tas, ruwa shuɗi garau, bishiyar kwakwa ta sunkuyo kamar tana gaisuwa. Ɗakin ma ba ƙarya, yadda aka nuna shi haka yake: gado mai faɗi, baranda na kallon teku, na'urar sanyaya ɗaki na aiki ba ƙara. Amma da na zuge ƙofar barandar, wari ne ya fara yi mini maraba. Ciyawar teku ce jibge a bakin ruwa, baƙa-baƙa, ta yi tudu har wajen gwiwa a wasu wuraren, ta miƙe iya ganinka. Ta ƙasan ta fara ruɓa, ƙananan ƙudaje na tashi a kanta. Ruwan kansa ya yi launin ƙasa, in ka sa ƙafa ciyawar ta naɗe maka idon sawu. Kowace safiya samari biyu na fitowa da manjagara da baro suna kwashewa, kafin la'asar teku ta sake amayo wata. Har tausayi suka riƙa ba ni.

Na je wurin karɓar baƙi da 'yar fuskata a murtuke. Matar da ke wurin ba ta ko yi mamaki ba, da alama ta saba. Ta ciro taswirar tsibirin ta zana mini kibiya da biro. Daga Mayu zuwa wajen Oktoba, iskar kudu maso gabas ke kaɗawa, ita ke turo ciyawar zuwa wannan gefen. Daga wajen Disamba zuwa Maris sai iskar ta juya ta fito daga arewa maso yamma, gaɓarsu ta koma kamar yadda na gani a hoto. Afrilu da ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba tsakani ne, teku kan lafa. Ke nan hoton ba ƙarya ba ne, lokacinsa ne daban. Abin da na riƙe su da shi guda ɗaya ne: babu inda suka faɗi haka a fili lokacin da nake kama ɗakin. Sauran laifin nawa ne. Na karanta ra'ayoyin baƙi sun fi talatin, ban taɓa duba wane wata kowannensu ya je ba. Da na koma na duba daga baya, masu yabon bakin ruwan kusan duk 'yan Janairu da Fabrairu ne.

Muka yi hayar ƙaramar mota, tunda ba mu zo don zaman ɗaki ba. A hannun hagu ake tuƙi, titunan kuma matsattsu ne, ga hawa ga kwana. Ɗaya gefen, wato Cote d'Or, tamkar wata ƙasa ce daban: yashi wanke, ruwa kwance, otal-otal jere. Can ya kamata mu sauka. Gaɓar Anse Lazio, wadda ake ta yabo kuma ta cancanci yabon, ta fi wahalar da mu, domin titin bai zagaye tsibirin ba. Dole ka tsallaka ta tsakiya zuwa garin Baie Sainte Anne, ka bi ta Cote d'Or, sannan ka haura. Kusan minti 40 muke yi kowace tafiya. Ribar da muka ci ita ce dajin Vallee de Mai yana kan hanyarmu, muka shiga da sassafe kafin jama'a. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1983, saboda kwakwar nan da ake kira coco de mer, wadda ƙwallonta ya fi na kowace shuka girma a duniya. Ganye ɗaya nata ya isa ya rufe mutum biyu daga ruwan sama. Siffar ƙwallon kuwa, amarya ta kalla sau ɗaya ta kau da kai tana dariya, ni ma ba zan yi bayani ba.

Zuwa La Digue minti 15 ne kacal a ruwa, kafin ciki ya farga an isa. A nan ba otal muka kama ba, gidan baƙi ne mai ɗaki shida na wata dattijuwa da 'ya'yanta, tafiyar minti biyar a keke daga tashar La Passe. Ba a ganin teku daga ɗakin. Shi ne mafi araha, kuma don a rage kashe kuɗi kawai na sa shi a jerin. Shi ne muka fi so. Motoci kaɗan ne a tsibirin, keke ne abin hawan kowa, suka ba mu guda biyu masu kwando a baya. Dattijuwar ta zaunar da mu kamar 'ya'yanta ta ce mu je gaɓar Anse Source d'Argent da zarar an buɗe ƙofar L'Union Estate, tsohon gandun da ake bi ta cikinsa a kai gaɓar, inda ake biyan kuɗin shiga, kafin masu zuwan yini ɗaya su sauko daga Praslin. Ta kuma ce mu duba cikar ruwa, don in ya janye wurin bai wuce gwiwa ba. Haka muka yi. Muka samu kusan awa guda daga mu sai manyan duwatsun nan masu santsi, sai wani kunkuru a hanya wanda ya kusa kai mini cinya in ya miƙe wuya. Wajen ƙarfe goma da rabi wurin ya cika maƙil, kowa da waya a sama. Wannan awa ɗayar ita ce amfanin kwana a tsibirin. Dattijuwar ce kuma ta gargaɗe mu kada mu shiga ruwa a Grand Anse ta La Digue a wannan wata, igiyar ruwan na janye mutum.

Gidan yana da nasa ciwon kai. Ruwan wanka ba ƙarfi, intanet sai an fito tsakar gida, zakaran maƙwabta ba ya jiran asuba, birkin kekena na baya kuma sunan birki kawai gare shi. Rana na faɗuwa jim kaɗan bayan shida, duhu ya rufe nan take, hanyoyin ciki ba fitilu. Daren farko da fitilar waya muka dawo, jemagu manya na wucewa a samanmu. Washegari ɗan gidan ya ɗaura mana tocila a kan kekunan ba tare da mun roƙa ba.

Daren ƙarshe mun koma Mahe, wani otal kusa da filin jirgi. Ba shi da wani armashi, ƙarar jirage ma ta ishe mu, amma da gangan na kama shi, don ba na son jirginmu na gida ya dogara da halin teku a ranar. Ya yi aikinsa.

Abu biyu ban sa a lissafi ba. A lokacin tafiyarmu akwai harajin kare muhalli da aka fara karɓa a 2023, kowane mutum kowane dare, gwargwadon girman otal, kuma a wurinmu ba ya cikin abin da muka biya ta intanet. Sai kuma lokaci. Ana barin ɗaki da hantsi, ba a ba ka sabo sai wajen ƙarfe biyu, ga ɗaure kaya, ga jiran jirgi. Sau uku muka tashi, kowane tashi ya cinye mana fiye da rabin yini.

Da za a mayar da mu baya a wannan watan dai, ƙaramin ɗaki zan kama a Beau Vallon mu sha barcinmu, in kai babban kuɗin Cote d'Or, in ƙara wa La Digue kwana biyu. Amarya ta amince da tsarin, da sharaɗi ɗaya: ni in biya, ita ta zaɓa.