StoryWeaver: rumbun littattafai kyauta ga mai son ɗansa ya yi sha'awar aikin injiniya

StoryWeaver shafin intanet ne na Pratham Books, wata ƙungiyar wallafa littattafan yara da ke Bengaluru a ƙasar Indiya, an buɗe shi a shekarar 2015. Yana ɗauke da dubban littattafan labarai masu hotuna cikin harsuna sama da 300, har da Hausa. Karatu kyauta ne, kuma lasisin littattafan ya ba kowa damar saukewa da bugawa da fassarawa, muddin bai goge sunan marubuci da mai zane ba. Ga iyaye da malaman nazare da firamare da ke neman abin da zai nuna wa yaro mene ne aikin injiniya, wuri ne da ya cancanci a leƙa, sai dai fa sai an iya zaɓe.

An kasa littattafan mataki huɗu. Na ɗaya bai wuce kalmomi 250 ba, na biyu yana kai wa 600, na uku 1,500, na huɗu ya haura haka. Ɗan shekara 4 zuwa 6 mataki na ɗaya da na biyu sun ishe shi, babba na karanta masa. A tace da harshe da mataki, sannan a nemi labaran kimiyya da ƙere-ƙere. Kafin a sauke littafi sai an yi rajista.

Wurin zaɓen ne ake yawan tafka kuskure. Littafin da ya jero hoton gada da jirgi da kwamfuta yana cewa injiniya ne ya yi su, ba ya koya wa yaro komai game da aikin. Wanda ake nema shi ne mai matsala a cikinsa: ruwa ya yi nisa, ko keke ya lalace, wani ya gwada dabara ta ƙi, ya duba dalilin da ya sa ta ƙi, ya gyara ya sake gwadawa. Idan aka bi labari daga farko zuwa ƙarshe ba a ga inda wani abu ya rushe ko ya ƙi aiki ba, a ajiye shi a nemi wani. Yana da kyau kuma a haɗa da labaran da yarinya ce ke riƙe da guduma, domin 'ya'yanmu mata ba su cika ganin haka ba.

Raunin shafin gare mu a fili yake. Mafi yawan labaran fasaha da Turanci da harsunan Indiya suke, na Hausa ba su kai su yawa ba, kuma tun da kowa na iya fassarawa, ingancin fassara ba ɗaya ba ne. Babba ya fara karanta littafin shi kaɗai da babbar murya, duk inda harshensa ya yi tuntuɓe, na yaro ma zai yi. Abin yabawa shi ne malami na iya fassara littafi da kansa a kan shafin, shafi bayan shafi, hotunan na nan yadda suke. A lura da ƙ da ɗ da ɓ bayan an sauke, a tabbata sun fito daidai kafin a kai bugu.

Bugu ya fi karatu a waya, domin yaro na buƙatar ya tsaya a kan hoto ya nuna da yatsa. Littafi mai shafi 16 yana cin takardar A4 guda 8 idan an buga gaba da baya, ko guda 4 idan an matse shafi biyu a kowace fuska aka naɗe. Matsewar na ƙanƙanta rubutu, ta yi wa yaro ɗaya, amma ba ta yi wa aji ba. A fara buga takarda ɗaya a gani, don sau da yawa bayan yakan fito a kife. Tawadar ruwa na zuba da zarar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa ta, gara injin da ke amfani da garin tawada. A yi bango da kwali, a ɗinke da allura da zare, don ƙarfen maƙala takarda yana tsatsa da damina.

Abin da shafin ba zai yi wa kowa ba shi ne aikin hannu bayan karatu. Idan labarin na gada ne, a ajiye gwangwanin madara biyu, tazarar santimita 15 a tsakaninsu, a shimfiɗa takardar A4 ɗaya a kai. Marfin kwalba ɗaya ko biyu zai durƙusar da ita. Sai a naɗe wata takardar a tsawonta, gaba da baya, kowane naɗi kamar santimita 2, a sake ɗorawa, yaro na ƙirga marafen da ta ɗauka. Naɗin ya ba ta tudu da kwari irin na kwanon rufi, shi ya sa ba ta lanƙwashewa da sauƙi. Idan ta faɗi da wuri, ko dai naɗin bai yi daidai ba, ko tazarar ta yi yawa, ko an tara kayan a wuri ɗaya har naɗin ya baje. Kada babba ya karɓe aikin. Ya tambaya kawai: "Me kake ganin ya kayar da ita?" Yaron da ya saba ƙera motar kara ko ta gwangwani ba zai sha wuya a nan ba, kuma kara da ɓargonsa ma sun isa kayan gwaji na gaba, a ce ya yi gadar da motar tasa za ta haye.