Manet ɗin Logitech F310 a cikin motar Tesla: abin da na gani bayan wata uku a Yamai

Motar Tesla Model 3 ƙirar 2022 da yayana ya shigo da ita ta tashar jirgin ruwa ta Lome tana da wasanni a cikin allonta mai inci 15, kuma ba sa buɗewa sai motar tana tsaye. Tun da ƴaƴanmu suka gano haka, jiran da muke yi a ƙofar makaranta da bakin Babbar Kasuwa ya zama lokacin wasa. Da farko da sitiyari suke buga tseren Beach Buggy Racing 2, amma ranar da na ga tayoyin gaba suna murza jar ƙasar tsakar gida har sun yi rami, na gane cewa wannan wasa yana cin roba, kuma taya irin ta wannan mota ba a kowane shago ake samunta ba a garin nan. Ga kuma wasan Cuphead, wanda ya shigo motocin a 2019, ba ya karɓar komai sai manet, wato na'urar buga wasa mai maɓallai da ake riƙewa a hannu.

Na fara sayen wani manet marar waya mai araha a kasuwa, wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa. Motar ba ta gan shi ba sam, kuma batirinsa ya kumbura bayan ya yini a cikinta a zafin watan Afrilu. Daga nan na koma ga Logitech F310, tsohon ƙira mai waya, wanda ba shi da batir ko kaɗan. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa.

Akwai abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani, domin rashin saninsu ya ci mini maraice guda. Na farko, a yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen 2021, ramukan USB-C na tsakanin kujerun gaba caji kawai suke bayarwa, ba sa ɗaukar bayanai. Ramin da ke aiki shi ne na cikin aljihun gaban fasinja, wanda daga allo ake buɗe shi, kuma a nan ne ɗan makullin USB (filashi) da ke ajiye hotunan kyamarorin tsaro yake zaune, saboda haka sai an nemi ƙaramin reshen USB mai baki biyu ko uku idan ana son duka biyun su yi aiki tare. Na biyu, a bayan manet ɗin akwai ɗan maɓalli mai haruffa X da D. Namu ya zo a kan D, motar ta yi shiru, da na tura shi zuwa X na sake sokawa, nan take ƙaramin ɗana ya ce, "Baba, ya motsa!"

Tun daga ranar bai taɓa yankewa a tsakiyar wasa ba, kuma ya sha faɗuwa da hannayen yara masu maiƙon ƙosai ba tare da wani maɓalli ya maƙale ba. Ba ya girgiza a hannu idan an yi karo, abin da babban ɗana ya yi ƙorafi a kai. Wayarsa mita 1.8 ce, ta wadatar da na kujerar gaba, amma na baya sai ya matso bakin kujera, kuma dole a lallaɓa wayar ta gefen murfin aljihun kafin a rufe.

Sabuntawar manhajar motar ta ƙarshen 2022 ta kawo haɗa manet ta Bluetooth, musamman na na'urar wasa ta PS5, kuma wanda yake da shi a gida yana iya gwadawa. Ni dai ba zan sake barin abu mai batir a cikin motar da ke yini a rana ba, shi ya sa na aika a kawo mini F310 na biyu saboda yaran su daina faɗa a kan wanda zai buga.