Sabunta Tsohon Akwatin Sida: Abin da Za a Saya da Abin da Za a Bari a Kanti

Akwatin katakon sida, wato itacen nan mai ƙamshi da ake kira cedar a Turance, ba ɗan ƙasar nan ba ne, domin itacen da ake yin sa da shi a gabashin Amurka yake tsirowa, saboda haka duk wanda aka gani a wani gida a Sakkwato ya shigo ne cikin kayan gwanjo, ko kuwa wani da ya yi karatu ko aiki a waje ya taho da shi, ya zauna a ɗaka har ya zama abin gado. Ana gane shi da jan katako mai ratsin fari da yawan ido, da kuma ƙamshin da ke tashi idan aka ɗaga murfi. Idan shekaru suka ja, bayansa yakan dushe, tsohon shafen ya tsattsage, sai mai shi ya nufi kasuwa neman abin da zai mayar masa da kyansa. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta tsufa, domin masu kanti suna sayar da abin da ke gabansu ne, kafinta kuma yana son hanyar da ta fi sauri.

Kafin a kashe ko sisi a kan shafe, makulli za a fara dubawa. Kamfanin Lane na garin Altavista a jihar Bajiniya, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, ya yi akwatuna kimanin miliyan 12 tsakanin 1912 da 1987 da wani makulli mai datse kansa da zarar murfi ya sauka, ba ya kuma buɗuwa daga ciki. Yara sun shiga wasan ɓuya sun rasu saboda rashin iska, har a 1996 aka yi shelar a sauya makullan. Wanda ya ga sunan Lane ko Virginia Maid a cikin murfin akwatinsa, ya sa a kwance harshen makullin gaba ɗaya, ya sa ƙarfen kwado ta waje idan yana buƙatar kullewa. A gidan da yara ke shiga kowane ɗaki, wannan ya riga komai.

Cikin akwatin kuwa ba ya buƙatar a saya masa komai sai samfefa mai laushi, lamba 220. Ƙamshin sida daga man da ke cikin katakon yake fitowa, kuma shi ne ke kashe ƙananan tsutsotsin asu idan murfin yana rufuwa ruf. Duk wanda ya shafa wa cikin banish ko fenti ya toshe ƙamshin, sannan man itacen yakan hana shafen bushewa, ya bar shi yana danƙo yana kama tufafi. Idan ƙamshin ya ja baya, a goge cikin sama-sama ana bin tsawon zaren katako, a share ƙurar da busasshen ƙyalle. Akwai man sida na kwalba da ake sayarwa don ƙara ƙamshi, amma ba shi da sauƙin samu a nan, kuma sai gogewar ta kasa ake waiwayarsa. Ina kuma jan hankalin masu ajiye farar shadda, alkyabba ko rigar saƙi a ciki da su naɗe su da wankakken alawayyo, saboda man yana iya barin tabo. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu da gidaje da yawa a birnin nan suka gada bai kamata su kwana a cikinsa ba sam, domin tururin katako yana cin takarda a hankali.

Zaɓin gaske a bayan akwatin yake, kuma yana rataye ne a kan tambayoyi biyu. Ta farko ita ce ko bayan katako ne tsantsa ko kuwa siririn fallen wani itace ne aka manna da gam, kamar yadda aka yi wa akwatuna masu yawa na kamfani. Ana ganewa ta gefen murfi ko ta kusurwar da ta ɓantare. Kaurin irin wannan falle sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, injin goge katako kuma yana iya huda shi cikin ƙiftawar ido, kuma babu gyara bayan haka sai faci. Ta biyu ita ce wane shafe ne a jikinsa tun asali. A ɗiga sifirit a wani lungu da ido ba ya kai wa: idan shafen ya yi laushi, shalak ne, wato shafen ƙaro da ake narkarwa a sifirit. Idan bai motsa ba a gwada tinar laka, wadda ke narkar da laka, wato shafen nan mai ƙyalli da ake kira lacquer a Turance. Idan duka biyun ba su yi masa komai ba, banish ne ko danginsa.

Amfanin wannan gwaji shi ne yakan nuna cewa ba a buƙatar kankarewa. Shalak da laka suna narkewa su sake haɗewa da sabon shafe irin nasu, don haka akwatin da ya dushe kawai ana iya wanke shi da ƙyalle mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, a bar shi ya bushe, a bi shi da siririn shafe ɗaya ko biyu. Wannan ce hanya mafi arha, ita ce kuma ke barin akwatin da kamannin shekarunsa. Sai shafen ya ɓaɓɓake yana zuba ne ake sayen maganin cire fenti, kuma a karanta jikin gwangwanin, domin masu sinadarin metilin kulorayid suna da haɗari ƙwarai a rufaffen ɗaki, har Amurka ta hana sayar wa jama'a su a 2019. Idan kuma an taɓa yi wa akwatin fenti mai kauri tun da daɗewa, kada a goge shi a bushe, saboda tsohon fenti yakan ƙunshi dalma.

A cikin abubuwan shafawa, shalak ne na fi ba wa muhimmanci, ko da yake yana da aibin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Ƙaro ne da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit. Yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, wanda babbar riba ce a gari mai ƙura, yana kama jikin sida duk da mansa, yana rufe idon katako, kuma idan ya ƙarce ana gyara wurin kawai ba tare da an taɓa sauran ba. Aibinsa shi ne turare. Yawancin turaren feshi sifirit ne a cikinsa, kuma an san cewa saman akwati a ɗakin mace wurin jera kwalabe ne, ɗigo ɗaya zai bar zobe. Kaskon turaren wuta ma zafinsa yana lalata shi. Wanda zai saya ya nemi busasshe mai kama da ɓawo ya jiƙa da kansa, domin wanda aka riga aka dama yana tsufa da sauri a zafin Sakkwato, tsohonsa kuwa ba ya bushewa. Idan na gwangwani kaɗai aka samu, a ɗiga a kan gilashi a gani ko zai taurare kafin a kai shi jikin akwati.

Banish mai mai, har da wanda ake kira foliyuritan, ya fi kowanne jure ruwa, turare da zama a kai, kuma ana samun sa a kusan kowane kantin fenti a Babbar Kasuwar Sakkwato. Sai dai yana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin ya daina kama ƙura, yana ƙara wa katako launin rawaya, kuma a kan idon sida yakan ƙi bushewa idan ba a riga an sa shalak a ƙarƙashi ba. Ranar da ya lalace kuma sai an kankare shi duka. Banish na ruwa ba ya sauya launi kuma warinsa kaɗan ne, amma yakan bar jan sida ya yi fari-fari kamar an rufe shi da leda. A ganina, akwatin da zai zauna a ɗakin da ake hidima kullum ya fi dacewa da shalak siriri sau ɗaya, sannan banish mai mai da aka tsinka da tina, a shafa da ƙyalle sau uku, ana ɗan gogewa da samfefa lamba 320 a tsakani.

Laka ta feshi ita ce abin da kafintoci suka fi so, domin tana ƙyalli nan take kuma aikin yini ɗaya ne. Tana da kyau a hannun gwani mai injin feshi, amma a sharɗanta masa ya rufe cikin akwatin da takarda, ya kuma ajiye injin gogewa. Dafaffen man linsid, wani man shafa wa katako, da kuma kakin zuma suna fito da launi mai daɗin kallo, sai dai kariyarsu kaɗan ce, kuma ƙyallen da aka jiƙa da man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka a shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi a ruwa. Man gyaɗa, man kaɗanya da baƙin man inji, waɗanda wasu ke shafa wa katako da sunan korar gara, ba sa bushewa, suna tara ƙura, warinsu kuma yana kashe ƙamshin da aka sayi akwatin dominsa. Maganin gara shi ne a ɗaga akwatin daga ƙasa a kuma raba shi da bango. Fenti kuwa sai ga akwatin da fallensa ya riga ya ɓare ta yadda babu abin da za a nuna.

Lokacin aiki yana da tasiri kamar abin da aka saya. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana sauka a kan duk abin da bai bushe ba. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shalak da laka suna bushewa a bakin buroshi kafin su kwanta. A tsakiyar damina kuma danshi yana sa su yi hazo fari. Kaka, wato ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ta fi dacewa, a yi aikin da sassafe a inuwa inda iska ke wucewa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura. A bar akwatin a buɗe na mako biyu aƙalla kafin a mayar da tufafi ciki, kada warin tina ya shiga jikin shadda.