Waya ko kyamara? Kafin ka kashe kuɗinka don ɗaukar hoton ƙwari da tsofaffin gine-gine

Mai son ɗaukar hoton gizo-gizo a bayan gida sannan ranar Asabar ya tafi Gidan Makama ko Dutsen Dala, abubuwa biyu yake nema da ba sa shan inuwa ɗaya. Ƙwaro ƙarami ne sai ka matsa daf da shi, gini kuma sai ka ja baya, a lungunan cikin birni ma babu inda za ka ja bayan, bango ne a bayanka. Toh shi ya sa mutum zai sayi abu mai tsada ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali dai kayan da ya saya na aiki ɗaya ne.

Mu fara da wayar da ke aljihunka. A ɓangaren gine-gine gaskiya waya ta gama magana, musamman in tana da kyamarar nan mai faɗi da ake rubuta 0.5 a kanta. Ka tsaya a marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, za ta kwaso maka ramukan rinin da masu rinin a hoto ɗaya. Matsalarta in ka ɗaga ta sama don kamo dogon abu irin Hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, sai ka ga ginin kamar zai faɗi ta baya, maganin kuwa ka ƙara nisa ka riƙe wayar a miƙe, daga baya ka yanke ƙasan hoton. Amma ƙwari fa? Nan ne ake yaudarar mutane. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa za ka ga an rubuta suna da kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, in ka duba megafiksel 2 ce, wlh hoton kamar an shafa masa man gyaɗa, kar ka ƙara ko sisi saboda ita. Na manyan wayoyi irin iPhone 13 Pro da ta fito a 2021 yana da kyau sosai, yana kamawa daga santimita 2, sai dai wane malam-buɗe-littafi ne zai zauna ka kawo masa waya santimita 2? Ga inuwar wayar ta rufe shi. Ya fi dacewa da gizo-gizon da ke zaune a saƙarsa ko ƙoƙi-ƙoƙi, su da ba su cika gudu ba. Akwai ɗan lens da ake maƙala wa waya da kilif, bai da tsada, in ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko ka duba a intanet za ka samu, ka sayi na gilashi ba na roba ba. Ni dai shawarata duk wanda bai tabbatar zai daɗe a harkar nan ba ya fara da shi.

Na biyu ƙaramar kyamara, kuma a nan guda ɗaya ce ta cancanci a ambata, Olympus Tough TG-6 ta 2019 da ƙanwarta TG-7 ta 2023. Tana kama abu daga santimita 1, ruwa ba ya shigarta har zurfin mita 15, ƙura ma haka, ka ga ga mai yawo a hunturu ko gona da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta sensa ɗinta, wato abin da ke kama hasken hoton a cikinta, ƙarama ce, cikin soro mai duhu hoton zai fito da ɗige-ɗige, kuma ba ta cika samuwa a kasuwanninmu ba sai dai a yo maka oda.

Na uku shi ne inda nake ganin kuɗi ya fi yin aiki, tsohuwar babbar kyamara tokumbo mai canja lens. Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18, ko Nikon D3300 ta 2014, ko D5300 ta 2013, duk biyun 24 ne. In da hali ɗauki mai sikirin da ke juyawa wato 600D ko D5300, don buzuzu da cinnaka a ƙasa suke, in ba haka ba sai ka kwanta rub da ciki yara su taru a kanka. Lens ɗin da take zuwa da shi, 18-55mm, ya isa ɗaukar ganuwa da ƙofofi da zanen dagi a jikin bango, in daga baya ka ga lungu ya matse ka akwai Canon 10-18mm. Ƙwarin ne ke buƙatar ƙari, hanya uku ce. Mafi arha zobban da ake sawa tsakanin kyamara da lens don ya kama abu daga kusa, amma ka kula ka sayi masu ƴan ƙarafan lantarki a ciki, marasa su a Canon ba za su bar ka ka tsuke ramin da haske ke shiga ta cikin lens ba, asara ce kawai. Sai Raynox DCR-250, ɗan gilashi ne da ake maƙalawa a bakin lens mai faɗin 52 zuwa 67mm, in ka ɗora shi a kan mai zum irin 55-250mm za ka tsaya wajen santimita 12 daga ƙwaron kuma idanun gizo-gizo mai tsalle su cika maka hoto, ka gama ka cire shi ka jefa a aljihu ka juya kan gini, ba ka buɗe cikin kyamara ba balle ƙura ta shiga. Wannan ne zaɓina. Na ƙarshe ainihin lens ɗin makro, Tamron 90mm ko Canon 100mm ko Nikon 105mm, babu abin da ya kai su kaifi, amma sau da yawa kuɗin lens ɗin ya fi na kyamarar tokumbon kanta. Mai Nikon D3300 ko D5300 ya sani cewa ba su da injin fokas a jikinsu, tsofaffin lens masu alamar AF-D da hannu zai riƙa murɗawa.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne haske. In ka matsa kusa da ƙwaro, wajen da ke fitowa tas bai wuce milimita kaɗan ba, idon mazari ya fito fikafikan sun dushe. Dole ka tsuke ramin haske zuwa lambar f/11 ko f/16 don wajen da ke fitowa tas ya ƙaru, da ka tsuke kuma duhu ya shigo, hannu na rawa iska na kaɗa ganye. Filasha ce mafita, ko ta saman kyamarar ma ta isa a farko, in ka samu filashar ɗorawa ta Godox ko Yongnuo mai arha ya fi, amma kar ka harba ta tsirara don jikin rina da ƙudan zuma sheƙi yake yi, ka yanko farar robar tekawe ko farar takarda ka tare gabanta hasken ya yi laushi. Mutum mai 600D da Raynox da robar tekawe zai fi mai sabuwar kyamarar miliyoyi da ba shi da filasha fitar da hoton ƙwaro, ko shakka babu. Shi kuwa ginin ƙasa filasha ba ta yi masa komai, lokaci yake so, da sassafe ko bayan la'asar sanda rana ke dukan bango ta gefe zanen ya fito, ƙwari ma da safen ne ba su da kuzari. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ka bar shi sai can gaba.

In za ka biya kuɗin tokumbo, ko a Beirut Road ne a Kano ko Computer Village a Ikeja ko ta shafin Jiji a intanet, kar ka tura kuɗi sai kayan na hannunka. Haska tocila a cikin lens ka duba ko akwai fumfuna, tana kama da zaren auduga a jikin gilashin. Ɗauki hoton farin bango a f/16 ka ga ko sensa na da tabo, ka nemi adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ka gwada batir da caja a gabansa, ka tafi da mimorinka. Ka ware ɗan canji na batir na biyu saboda halin wuta, da ƴar robar hura iska ta goge ƙura. Sannan wuraren tarihi da yawa sai ka nemi izini, wasu ma kuɗin shiga da babbar kyamara daban yake da na waya, a gidan sarki ko masallaci kuwa ka tambayi dogari ko masu kula da wurin tun kafin ka fito da ita daga jaka.