Ƙwayar albendazol ta dabbobi: aikinta da iyakarta

Na yi amfani da albendazol, maganin tsutsar ciki, kan awaki, tumaki da shanu, ta ƙwaya da ta ruwa, kuma hukuncina shi ne magani ne mai kyau da araha, amma ana ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

A kan tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke addabar awaki da tumaki da damina, tana aiki sosai. Dabbar da cikin fatar idonta ya yi fari, haɓarta ta kumbura, tana ramewa alhali tana cin abinci, cikin mako biyu zuwa uku za ka ga ta fara murmurewa. Sharaɗin shi ne awo. Akuya na buƙatar miligiram 10 ga kowane kilo, wato jar akuya mai kilo 25 ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 250. Saniya mai kilo 250, idan har da tsutsar hanta ake nufi, babbar ƙwaya ta miligiram 2500 za a ba ta. A nan mutane ke yin kuskure: a gutsura ƙwaya ɗaya a raba wa awaki uku don tsimi. Tsutsotsi masu rauni su mutu, masu ƙarfi su saura su hayayyafa, bayan 'yan shekaru maganin ya daina tasiri a garken. Abin da aka tsimita ɗin bai kai kuɗin bunsuru guda ba.

Kada a ba dabbar da ta ɗauki sabon ciki, kwana 30 na farko ga tumaki da awaki, 45 ga shanu, domin yana jawo ɓari ko haihuwar nakasasshe. A kuma karanta kwali a ga kwanakin da za a jira kafin yanka ko tatsar nono, sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mai ragon layya ya lura da wannan musamman. Lambar NAFDAC da ranar lalacewa su ma a duba su, ƙwayar da ta sha rana a teburin kasuwa ba abin dogaro ba ce.

Tsutsar hanta kuwa, manya kawai albendazol take kashewa. Shanun da ke kiwo a fadama, inda katantanwar ruwa ke ɗauke da cutar, ƙananan tsutsotsin nan na nan daram a hantarsu. Su sai wani magani daban, tiriklabendazol.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa da zarar an ba dabba magani, iyali sun tsira. Ba haka ba ne. Tsila daga mutum take fitowa. Mai ɗauke da ita ya yi bahaya a fili, saniya ta ci ƙwan tare da ciyawa, ya zama 'yan ƙulle-ƙulle farare cikin tsokar muƙamuƙi, harshe da zuciya. Wani ya ci tsiren da cikinsa bai gasu ba, tsila ta girma a hanjinsa har tsawon mitoci. Albendazol ɗin da ka ba saniyar ba zai tsarkake naman nan ba. Masai ne maganin wannan, da dafa nama har jan cikinsa ya ɓace, da duba nama a kwata. Wanda ya kamu kuma asibiti zai je, wani magani mai suna firazikwantel ake bayarwa. Kada ya sha ƙwayar dabbobi, albendazol ta mutane daban ce, miligiram 400.

Sai kare. Idan an yanka aka ga hanta ko huhu da wasu ƙuraje masu ruwa kamar ƙananan balan-balan, kada a jefa wa kare. Cikinsa ne tsutsar da ke jawo ƙurajen ke girma, ƙwanta ya fita da kashinsa, ya manne a gashinsa, yaro ya shafa ya kai hannu baki, irin ƙurjin ya tsiro a hantar yaron, wani lokaci sai an yi tiyata. A binne kayan cikin da zurfi ko a ƙone su. Karen kiwo ko na farauta a riƙa ba shi firazikwantel, miligiram 5 ga kowane kilo, duk bayan mako shida.