Wayar jita: Elixir ko D'Addario?

Jama'a masu jitar katako, in dai hannunka na yawan gumi to Elixir Nanoweb za ka nema, duk da kuɗinta ya ninka na sauran. An lulluɓe wayar da wata leda siririya sosai wadda ke hana gumi da ƙura shiga tsakanin naɗin ƙarfen da ke jikinta, shi ya sa ko da damina sai ta yi watanni muryarta ba ta dishe ba, kuma yatsa na zamewa ba wannan ƙiii ɗin. Amma gaskiya wajen zaƙin sauti ni D'Addario EJ16 ta fi min, phosphor bronze ce, wato wani nau'in tagulla, kauri 12 zuwa 53, daga mafi sirantar waya zuwa mafi kauri, sabuwa in ka ɗaura wallahi sautin ƙasan nan nata akwai ɗumi, na saman kuma tas. Sai dai duk wayar da ba lulluɓi dole ka riƙa goge ta da ƙyalle bayan wasa, in ba haka ba tsatsa ta cinye. Ɗan koyo ya fara da mai kauri 11, 12 na cin yatsa. Kuma a kula da jabu, sun cika kasuwa.